Mustafa da Hasken Kasuwar Kore Mairuwa

Duk wanda ya taɓa neman hoton katin shaida a Dogon Dutsi, da wuya a ce bai zauna a kan kujerar ƙarfen shagon Mustafa Ɗantala ba, shagon nan na bakin kwalta da ke tsakanin mai facin taya da mai sayar da katifa. Mustafa dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, ya ba talatin baya da ƴan shekaru, idanunsa kullum ja kamar na direban da ya yini a hanya. Ba shi da yawan magana. Zai ce ka ɗaga haɓa, ka sauke kafaɗa, ya danna, ya ce ka dawo bayan azahar. Da wannan mutanen gari suka san shi, da fotokopi, da buga wa matasa takardun neman aiki. Kaɗan ne suka san abin da yake yi da tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar, da ke bayan labule, su ɗin ma yawancinsu sun ɗauka wasa kawai yake yi.

Shagon na ubansa ne. A zamanin da Ɗantala Mai Hoto ke da ƙarfinsa, ranar salla sai mutane su yi layi har bakin hanya, kowa da sabuwar shaddarsa, ana jiran a shiga a tsaya gaban labulen da aka zana wa bene da jirgin sama. Yana da fitilu masu lema, kuma tun Mustafa na ƙaramar lakwal, wato firamare, shi ke matsar da su. Uban, wanda Almu yake kiransa, zai leƙa na'ura, ya ɗago ya ce, "Almu, huskar baƙin mutum ba ta son a watso mata wuta gaba da gaba. Biyo mata ta gefe." Sai a matsa fitila, goshin mutum ya daina ƙyalli, idanunsa su fito. A nan Mustafa ya koyi kallon haske, tun bai san cewa koyo yake yi ba.

Karatunsa bai yi nisan da uban ya so ba. Ya zauna jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa, sai aka tura shi Yamai wurin wani kawunsa ya koyi aikin ordinatar. Can ya fara jin daɗin duniya. Yana gyaran na'urori a wani shago, yana da abokai, har an fara yi masa maganar aiki a wata madaba'a. Ana cikin haka aka kira shi cewa Ɗantala ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mahaifiyar Mustafa ta riga ta rasu, ƴan uwansa mata kowacce na gidan mijinta. Ya ɗauko jaka ɗaya ya taho da niyyar yin wata guda. Bai koma ba.

Sana'ar da ya tarar ba ita ce wadda ya bari ba. Kowa ya sami waya mai hoto, amarya ma ƙawayenta ke ɗaukarta. Labulen bene da jirgin sama ya koɗe, aka naɗe shi aka jingine a lungu. Abin da ya rage shi ne hoton takardu, mai farin bango da fuskar da ba ta murmushi. Da safe Mustafa ya yi wa ubansa wanka, ya ba shi koko, ya ɗauko shi a babur ya kawo shi shago ya zaunar a kujerar roba, don tsohon ba ya son zaman gida. Da yamma ya mayar da shi. A haka shekaru suka yi ta tafiya. A ciki ya auri Rahina, malamar lakwal, suka haifi ɗiya aka sa mata Zalihatu. Ba a jima ba aka tura Rahina koyarwa garin Kore Mairuwa, ta tafi da yarinyar, sai ƙarshen mako suke zuwa gida, wani makon kuma shi ya bi su can.

Wanda ya jawo shi cikin harkar wasan bidiyo Salman ne, abokinsa tun Yamai, wanda ya koma Kwatanu da zama. Wata rana ya kira shi yana ta zuba.

"Bon, Mustafa, saurara. Akwai wani wasa da aka yi, na hwaɗa tsakanin ƙungiya biyu. Masu wasan sun saki manhajar da kowa ka iya gina hilin wasa da kainai, taswira muka ce mata. Mu huɗu muna ginawa. Muna da mai gini, muna da mai itace da duwatsu, amma haskenmu kamar na ɗakin ajiyar gawa. Kai ɗan mai hoto ne. Zo ka kama muna."

Mustafa ya ce shi bai san komai a kai ba. Salman ya ce zai sani.

Ya kuwa sani. Aikin, idan aka tuɓe masa sunayensa na Faransanci, ba baƙo ba ne. Abokan aikin su gina gari ko masana'anta ko tashar jirgin ruwa, su aiko masa da shi fayau, babu inuwa babu dumi. Shi zai rataya rana a sama, ya karkata ta yadda yake so, ya zaɓa mata launi. Ya bi lungu-lungu yana dasa fitilu, yana faɗa wa kowace iyakar inda haskenta zai kai da yadda zai dushe, wannan ta yi rawaya kamar a-ci-bal-bal, waccan ta yi fari tana ƙyaftawa kamar doguwar fitilar asibiti da ta kusa mutuwa. Ya ce ga kaurin inuwa, ga taushin bakinta. Idan ya gama sai ya bar na'urar ta lissafa yadda hasken zai bugi bango ya dawo, ya bugi ƙasa ya tashi. Wannan lissafin shi Mustafa ke kira dahuwa, kuma a tsohuwar ordinatarsa dahuwa ɗaya kan cinye rabin yini.

Nan wahalar take. Ya ɗora dahuwa da hantsi, fankar na'urar na kuka kamar injin niƙa, ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a ƙasa kusa da ita don zafin bazara. Ta kai kusan ƙarshe, a ɗauke wuta. Allon ya yi baƙi, ya ga fuskarsa a ciki. Ba ya zagi, ba ya buga tebur. Sai ya cire hula ya shafa kai, ya fita ya tsaya bakin kwalta yana kallon manyan motocin albasa na wucewa, har wani ya zo neman fotokopi ya ce masa babu wuta. Wani lokaci kuma dahuwar ta ƙare lafiya, ya buɗe ya ga haske na tsiyayowa ta ƙarƙashin wani bango da mai gini bai haɗa da ƙasa sosai ba. A gyara, a sake ɗorawa. Daga baya ya sayi batir da faifan sola na hannu, abin ya ɗan yi sauƙi, amma batirin ma idan rana ta take tsaka sai ya yi zafi ya fara ƙara.

Duk da haka ya riƙe aikin, don a cikin yini gaba ɗaya nan ne kawai ake tambayarsa yadda yake ganin abu ya kamata ya kasance. Babu wanda ke biyansu. Sukan saka taswirar a intanet, mutane su sauke su yi wasa, wasu su yaba, wasu su kushe.

Wata ranar kasuwa a Kore Mairuwa, yana jiran Rahina ta tashi daga aji, ya zauna a rumfar wani mai goro. Rana ta take. Ya ga yadda fili ya yi fari fat har ido ba ya iya tsayawa a kai, rumfunan kuma ciki duhu, sai zare-zaren haske da ke ratsowa ta tsakanin karan rufi suna sauka a kan buhunan wake da kafaɗun mutane. Ya ga wata mata ta fito daga inuwa da tallan fura, kwanonta ya kama rana ya walƙa, ta sake nutsewa cikin wata rumfar. Duk taswirorin da ya yi wa haske har ranar nan na ƙasashen sanyi ne, da rana mai laushi wadda ke tsaye can gefe kamar baƙuwa. A motar komawa gida ya kira Salman ya ce yana so su gina kasuwa irin tasu.

Salman ya yi murna, sauran ma suka yarda, har suka ce za su shigar da ita wata gasar masu gina taswira. Mustafa ya yi ta aika musu da hotunan rumfuna, da amalanke, da turken awaki, da bangon laka, da jan dutsen da ke bayan Dogon Dutsi don su sa shi daga nesa. Ginin ya ci watanni. Hasken ya ci fiye da haka.

Manhajar ba ta san irin wannan rana ba. Idan ya ƙara mata ƙarfi sai komai ya ƙone ya zama farin takarda. Idan ya rage sai kasuwar ta koma kamar safiyar wata ƙasa. Zare-zaren hasken rumfa kuwa, sai da ya dasa su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ƙananan fitilu masu tsinin baki, don na'urarsa ba za ta iya lissafa su da kanta ba. Ya kan yini a rumfa guda. Mai neman hoto ya yi sallama, ya tashi ya ɗauke shi, ya dawo ya manta inda ya tsaya.

Ɗantala na zaune a kujerarsa duk wannan lokaci, yana gyangyaɗi yana farkawa. Maganarsa ta yi nauyi tun faɗuwarsa, kuma bai taɓa tambayar abin da ɗansa ke yi a bayan labule ba. Wata rana dai Mustafa ya juyo masa da allon, ya ce, "Baba, duba wanga wuri."

Tsohon ya daɗe yana kallo, bakinsa a karkace. Can ya ce, "Kore Mairuwa ta."

"Ita ce, Baba."

"Ƙarƙashin rumhwa ya yi toka." Ya tsaya ya haɗiye miyau. "Ƙasarmu ja ta. In rana ta buge ta, jan shina tashi sama."

Mustafa ya koma ya duba, ya ga haka ne. Ya shimfiɗa wani raunanan haske mai ja-ja daga ƙasa yana kallon sama, a kowace rumfa. Da dahuwar ta ƙare washegari, ya buɗe, sai ya ji kamar zai ji warin daddawa da ƙurar awaki. Ya nuna wa uban. Ɗantala ya gyaɗa kai sau ɗaya ya koma barcinsa. Wannan ita ce rana mafi daɗi da Mustafa ya yi a aikin nan, kuma ba ta daɗe ba.

Kafin gasa, Salman ya ba wasu ƴan wasa taswirar su gwada. Bayan kwana kaɗan ya kira, muryarsa babu zumuɗin da aka saba.

"Aboki, akwai matsala. Sun ce ba ta wasuwa."

"Kamar ƙaƙa?"

"In mutum na cikin hili, ba shi ganin wanda ke cikin rumhwa, duhu ya yi yawa. In shina cikin rumhwa ya hito, hasken ya makantar da shi. Wanda ya ɓoye cikin inuwa shi ka cin wasa kullum. Wani ma ya ce idonai na ciwo."

"Ai haka kasuwar take. Ka manta?"

"Ban manta ba. Amma su ba kasuwa sunka zo ci ba, wasa sunka zo yi. Mu rage ranar, mu buɗe inuwar, mu ɗan zuba rawaya bisa komi. Wala, shi ke nan."

"Rawaya," in ji Mustafa. "Yaushe ka taɓa ganin garinmu rawaya?"

"Mustafa, don Allah. Ni ma na gaji. In ba ka iyawa, sai mu maida hasken da manhaja ta zo da shi."

Mustafa ya ce zai yi tunani, ya kashe wayar. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san ƴan wasan ba ƙarya suka yi ba. Shi da kansa ya shiga taswirar ya zagaya, ya fito daga rumfar mai goro zuwa fili, ya runtse ido.

Bai kai ga yin tunanin ba. A makon nan Ɗantala ya daina cin abinci, aka kwantar da shi a asibiti, ranar Laraba da la'asar ya cika. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, tsofaffin gari suka yi ta zuwa, kusan kowanne sai ya ce hoton aurensa marigayin ne ya ɗauka. Da aka watse Mustafa ya koma shago. Da safe ya kan farka a lokacin da ya saba ɗora ruwan wankan tsohon, ya zauna bakin gado ba shi da abin yi. Kujerar robar ya ba mai facin taya. Ordinatar kuwa ya rufe ta da zane, lokacin gasa ya zo ya wuce. Salman ya yi masa ta'aziyya bai ta da maganar taswira ba, ya kuwa ji daɗin hakan.

Idanunsa ma a lokacin suka matsa masa. Rubutu ya fara rabuwa biyu, kansa na sarawa daga azahar. Rahina ce ta tilasta masa zuwa Doso ganin likitan ido, aka ba shi tabarau da maganin ɗigawa, aka ce ya rage kallon allo. A motar dawowa, Zalihatu na barci a cinyarta, Rahina ta ce, "Baban Zalihatu, in tambaye ka. Abin ga da kake yi, daɗi shika yi maka ko wahala?"

Ya juya ya kalli taga. Suna wuce gonakin da aka fara sharewa, ana jiran ruwa.

"Ban sani ba," ya ce. "Da dai daɗi."

"To ko ka ƙare shi ko ka bar shi. Amma kullum na zo gida in tarar da kai kamar wanda anka aza ma kaya, ba ka tahiya ba ka saukewa, ni ma gajiya nike. Mako guda ina hwama da ɗiyan mutane, in zo kuma in yi hwama da shirunka."

Bai ji haushi ba. Ya san tun aurensu ita ke bin hanya, ita ke ɗaukar yarinya, ba ta taɓa cewa ya rufe shago ya biyo ta ba.

Da damina ta kama, wata ranar Asabar suna Kore Mairuwa, hadari ya taso daga gabas bayan la'asar. Ƴan kasuwa suka shiga tattara kaya. Mustafa na tsaye ƙofar gidan da Rahina ke haya, ya ga rana ta sauko ta yamma tana haskowa ta ƙarƙashin gajimaren, sama baƙi ƙirin, ƙasa kuma kowane abu ya fito da launinsa, har cikin rumfuna ana ganin fuskar mutum, don hasken ta gefe yake shiga. Babu mai runtse ido. Bai yi wani farin ciki ba. Ya dai ce a ransa, wannan ma namu ne, kuma za su iya wasa a cikinsa.

Ranar Litinin ya yaye zanen. Ya sauko da ranar daga tsakiyar sama ya kai ta yamma, ya canza sararin ya sa hadari. Zare-zaren hasken rumfa da ya yi watanni yana dasawa ba su da wurin zama a wannan sa'a, sai ya bi su ya goge, rumfa bayan rumfa. Jan da ke tashi daga ƙasa ya rage masa ƙarfi, amma ya bar shi. Yana yi yana hutawa, ya ɗiga magani, ya rufe ido, kamar yadda likita ya ce. Dahuwa ta lalace masa sau da yawa saboda ruwa na sauka ana ɗauke wuta, ga sola babu rana. Kafin a fara yankan gero ya aika wa Salman.

Aka saki taswirar ba tare da gasa ba. Mutane suka sauke ta da dama, fiye da duk abin da ƙungiyar ta taɓa yi. Salman ya riƙa turo masa abin da ƴan wasa ke rubutawa: wani ya yaba lungunan, wani ya ce turken awaki wurin ɓuya ne mai kyau, wani ya yi ƙorafin cewa ƙofar gabas ta yi ƙunci. Mustafa ya karanta duka da sabon tabaransa. Babu wanda ya ambaci haske. Salman ya ce ai wannan shi ne alamar ya yi daidai, tunda ba wanda ya dame shi. Mustafa ya ce to. Taswirar farko, mai rana tsaka, tana nan cikin na'urarsa, ba wanda ya taɓa wasa a cikinta sai mutanen nan da suka gwada ta suka ƙi.

Yana nan a shagon har yanzu. An yi wa Rahina alkawarin dawo da ita Dogon Dutsi, ana ta jira. Kwanan baya Salman ya sake kira, ya ce sun fara sabon gini, wani sansani a kan tsauni, ko'ina dusar ƙanƙara.

"Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin leda," in ji Mustafa.

"Ka duba hotuna mana, sun cika intanet."

"Hoto ai wani ya riga ya zaɓa mashi haske."

"To mi za ni ce ma sauran? Kana ciki ko ba ka ciki?"

Mustafa ya cire tabarau ya murza ido. A waje wani ɗan kabu-kabu na ta danna oda, wata mata kuma ta leƙo tana tambaya ko injin fotokopi na aiki.

"Aiko," ya ce. "Amma kar ku sa mani rana."

Salman ya aiko a yinin. Rezo, layin intanet ɗin, ba shi da ƙarfi, abin ya yi ta saukowa kaɗan-kaɗan har la'asar bai kai rabi ba. Ranar Juma'a ce, motar Kore Mairuwa ta kusa isowa, Rahina kuma ta ce tana tafe da buhun wake. Ya bar na'urar a kunne, ya ja ƙofar shago ya kulle, ya hau babur ya nufi tasha.